A Daina Ƙirga Mana Ajujuwa, A Ƙirga Mana Yara

Duk shekara idan damina ta kankama, makarantun gwamnati suka zo rufe zango na uku, mun san abin da zai biyo baya. Za a kafa rumfa, a jera kujerun roba, a ɗauko lasifika. Yara su yi fareti, su yi wasan kwaikwayo, a ba na ɗaya da na biyu da na uku littattafan rubutu da sabulu. Daga nan sai babban baƙo ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya zaro takarda ya fara karanto nasarori: an gina ajujuwa kaza, an gyara kaza, an raba kujeru kaza, baɗi kuma idan Allah ya kai mu za a gina kaza. Mu kuma mu tafa. Haka za a sake karanto mana a rediyo lokacin kasafin kuɗi, haka za a maimaita ranar 29 ga Mayu idan gwamnati ta cika shekara.

Mu mutanen Batsari da Safana mun daɗe muna tafin nan har hannuwanmu sun yi kanta. Yau muna so mu ajiye tafin mu yi tambaya. A cikin ajujuwan da ake ƙirga mana, yara nawa suka zauna? Kwana nawa suka zauna? Wa ya tsaya a gabansu da alli? Da shekara ta ƙare, me suka fita da shi a kansu? Har yau ba mu ji babban baƙon da ya amsa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma ba mu ga laifinsa shi kaɗai ba, domin ba mu taɓa tambayarsa ba.

Kada wani ya ce mun zo ɓata aikin gwamnati ne. Abin da aka yi mun gani, kuma za mu faɗa. A shekarar 2023, cikin watannin farko na mulkin Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa, an ɗauki malamai 7,325 aiki na dindindin bayan an yi musu jarrabawa. A ƙarƙashin shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2020 domin karatun 'yan mata, Katsina na cikin jihohi bakwai na farko, kuma an tsara gina sababbin makarantun sakandare 150 a jihar. An kuma ɗauko gina makarantu na musamman guda uku, a Raɗɗa da Jiƙamshi da Dumurkul. Wanda ya ce wannan ba komai ba ne, bai yi adalci ba. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Maganarmu ita ce ma'aunin da ake auna nasarar da shi bai dace da ƙasar da muke zaune a cikinta ba.

Bari mu tuna wa mai karatu wace ƙasa ce. Batsari da Safana suna bakin Dajin Rugu, a kan iyakar Katsina da Zamfara. A watan Mayun 2019 aka kashe manoma 18 a 'Yar Gamji, 'yan uwansu suka ɗebo gawarwakin a mota suka kai su har birnin Katsina domin hukuma ta gani da idonta. A wannan shekarar makarantar firamare a cikin garin Batsari ta koma masaukin 'yan gudun hijira, mata da yara suna kwana a inda ya kamata a ce ana koyon ƙidaya. A watan Fabrairun 2020 aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Ɗankar cikin dare guda. Ranar 11 ga Disambar wannan shekarar aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, maƙwabtanmu ta kudu, gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe makarantun kwana na jihar. A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da namu biyun, muka yi watanni ba mai jin wani.

Yaron da ya shiga aji ɗaya a shekarar da aka yi kisan 'Yar Gamji, yanzu ya kai shekarun shiga ƙaramar sakandare. Ƙuruciyarsa gaba ɗaya a cikin wannan hali ta wuce: yau makaranta a buɗe, gobe a rufe, jibi an gudu gidan kawu a Dutsinma ko Katsina, an dawo an tarar malamin ya nemi canjin wurin aiki. Wannan yaron shi ne nasara ko rashin nasarar shekarun nan. Amma a takardar babban baƙo babu shi. Ajin da aka gina masa yana ciki, har da yawan buhunan siminti. Shi kam ba a san inda yake ba.

Me ya sa gini ne kullum a bakin masu rahoto? Ruwa ba ya tsami banza. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce kowane yaro a Nijeriya zai yi karatun shekara tara kyauta kuma dole, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Ta ware kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ga hukumar UBEC. Jiha ba ta karɓar kuɗin haɗin gwiwa sai ta zuba nata daidai da shi, sannan hukumar SUBEB ta ba da ayyuka. Kaso mafi tsoka na wannan kuɗi kan gini da kujeru yake tafiya. Albashin malamin firamare kuwa daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi. Ka ga ke nan akwai aljihun bulo daban, akwai aljihun malami daban, kuma na bulo ne yake da ɗan kwangila, da allon sanarwa a bakin titi, da ranar buɗewa, da almakashi, da mai ɗaukar hoto. Malamin da ya zo aji ranar Litinin da ƙarfe takwas, ya sake zuwa Talata, ya sake zuwa Laraba har shekara ta ƙare, babu kwangila a cikin zuwansa. Babu wanda zai saka hotonsa a Facebook ya rubuta an ƙaddamar. Shi ya sa abin da yake da sauƙin ɗauka a hoto ya danne abin da yake da amfani.

Mu da muke zaune a wuraren nan mun san abin da hoton ba ya nunawa. Mun san makarantar da aka yi wa sabon fenti da sabon kwano, amma hedimasta da malami ɗaya ne ke juya aji shida: a haɗa 'yan aji ɗaya da 'yan aji uku a ɗaki guda, a ba babban yaro bulala ya tsare sauran. Mun san malamin da ke kwana a birni saboda tsoron a sace shi, ya iso ƙarfe goma idan hanya ta yi kyau, ya juya kafin azahar domin kada yamma ta same shi a daji. Ba mu zarge shi ba, shi ma yana da iyali, kuma an sha sace ma'aikata a hanyoyin nan. Mun san rijistar da ke ɗauke da sunaye ɗaruruwa, alhali idan ka leƙa ranar kasuwa ko lokacin shuka, abin da za ka tarar bai taka kara ya karya ba. Mun san garuruwan da suka watse, makarantarsu na nan a tsaye, awaki ne ke sheƙe ayarsu a ciki. Duk waɗannan ajujuwa suna cikin lissafin nasara. Wannan shi ne kitso da ƙwarƙwata.

Tsarin ilimi na ƙasa da kansa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, kuma mafi ƙarancin shaidar koyarwa ita ce NCE. To a faɗa mana, daga cikin malamai 7,325 da aka ɗauka, nawa aka turo Wagini da Ruma da Madogara da Kandawa? Nawa aka turo Runka da Zakka da Babban Duhu da Gora? Daga cikin waɗanda aka turo, nawa ne suka kama aiki, nawa ne suke nan har yau, nawa ne suka bi ta hannun wani babba aka mayar da su cikin gari? Wannan ba sirrin tsaro ba ne. Sakataren ilimi na kowace ƙaramar hukuma yana da wannan lissafi a ofishinsa, ko kuma ya kamata a ce yana da shi. Idan adadin mai daɗin ji ne, a karanta mu tafa da gaske. Idan ba mai daɗi ba ne, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Sai batun tsare-tsaren gini na baɗi. Ba mu ƙi gini ba. Wanda ya taɓa ganin yara suna zaune a ƙasa cikin ajin da iska ta yaye wa rufi ba zai ƙi gini ba. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba kasafai ake tambayar mai ɗakin ba. Da an tambaye mu, da mun ce a wurare da yawa ɗakin kwanan malami ya fi sabon aji gaggawa, domin aji ba ya koyarwa. Da mun ce a kewaye makaranta da katanga, a sa mata ƙofa da maigadin da ake biya. Da mun ce a yi ban-ɗaki na mata daban mai ƙyaure, a haƙa rijiyar burtsatse kusa. Duk uwa ta san dalilin da ya sa yarinya idan ta fara girma take daina zuwa makarantar da ba ta da wurin kewayawa, ko da kunya ta hana a faɗa a gaban taro. Da mun ce a duba inda mutane suka koma: garuruwan da suka karɓi 'yan gudun hijira ajujuwansu sun cika sun batse, na ƙauyukan da aka bari kuwa babu kowa. Tsarin ginin da aka zana a ofis da tsohuwar ƙidaya zai kai bulo inda babu yara, ya bar yara inda babu bulo.

Makarantu na musamman abu ne mai kyau, kuma Katsina ta san darajarsu. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 ita ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato. Amma a tuna, kwalejin horon malamai ce. An kafa ta ne domin waɗanda suka fito su koma lardunansu su koyar, kuma dukansu biyun sun riƙe alli kafin su riƙe mulki. Yanzu idan aka ce haziƙan yara daga kowace ƙaramar hukuma za su shiga makarantar musamman ta hanyar jarrabawa, wane yaro ne zai ci jarrabawar? Ɗan gari wanda makarantarsa ba ta rufe ba, ko ɗan bakin daji wanda ya yi rabin firamarensa a guje? Haziƙai suna nan a Ɗankar kamar yadda suke a Ƙofar Soro. Idan ba a gyara firamaren ƙauye ba, ƙofar makarantar musamman a buɗe take a takarda, a rufe take ga 'ya'yanmu.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a rumfar taro ba. Kuɗin AGILE rance ne. Dala miliyan 500 da Bankin Duniya ya amince da su a 2020 bashi ne mai sauƙin ruwa da za a biya cikin shekaru masu yawa. Wa zai biya? Yaran nan da ke fareti a gabanmu, idan sun girma. To idan za a ci bashi da sunan yarinyar Safana a gina mata makaranta, mafi ƙanƙantar haƙƙinta shi ne a tabbatar ta shiga, ta samu malami, ta fito da karatu. In ba haka ba an bar ta da bashi da kango.

Haka zancen tsaron makarantu. Tun bayan sace 'yan matan Chibok a 2014 ake ta shirye-shirye. Nijeriya ta sa hannu kan yarjejeniyar kare makarantu ta duniya a 2015, ta karɓi baƙuncin babban taronta a Abuja a 2021, sannan a ƙarshen 2022 aka ƙaddamar da tsarin kashe naira biliyan 144.8 daga 2023 zuwa 2026 domin tsare makarantu. Muna tambaya cikin ladabi: nawa ne daga ciki ya iso bakin Dajin Rugu? Gwamnatin jiha ta kafa rundunar tsaron al'umma a watan Oktoban 2023, kuma 'ya'yanmu ne a cikinta. Shin akwai tsari a rubuce na wace makaranta ake tsarewa, da wanda hedimasta zai kira idan ya ga abin da bai yarda da shi ba? Idan akwai, iyaye su sani. Uba ba ya tura ɗansa inda zuciyarsa ba ta kwanta ba, komai kyan fenti.

Daga farkon 2025 aka shiga zaman sulhu tsakanin al'umma da mutanen daji a Batsari, daga baya aka yi a wasu ƙananan hukumomin yankin, har da Safana. Mu kanmu bakinmu bai zo ɗaya a kan sulhun ba: wasunmu suna ganin numfashi ne aka samu, wasunmu da aka kashe wa iyaye da 'ya'ya ba sa son ko jin zancen, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Amma ko wane ɓangare mutum yake, akwai gaskiya ɗaya mai ɗaci. Matashin da ke rataye da bindiga a dajin nan, ya taɓa zama yaro ɗan shekara shida, kuma galibinsu babu wanda ya taɓa rubuta sunansu a rijistar wata makaranta, ta boko ko ta allo. Tun 1989 aka kafa Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa, hedikwatarta na nan Kaduna. Makarantun 'ya'yan makiyaya nawa ne suke aiki a Batsari da Safana a yau? Akwai ƙannen waɗancan matasa a rugage, shekarunsu shida, bakwai, ba su kashe kowa ba. Tsarin ginin da ya manta da su ya bar wa 'ya'yanmu gadon abin da muka sha. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ma da namu laifin, kuma ba za mu ɓoye ba. Mu ne muke cire yara daga aji da zarar ruwa ya sauka, mu ce gona ta fi. Mu ne muke ɗora wa yarinya farantin talla da safe, ta wuce ta ƙofar makaranta tana kallon sa'o'inta. A cikinmu ake samun masu cire tagogi da ƙyamaren aji su kai gida, maƙwabta suna gani su yi shiru. A cikinmu ake samun mai ɗaukar ƙafa ya je wurin ɗan siyasa a mayar masa da ƙaninsa malami cikin gari, sannan ya dawo majalisa yana cewa babu malamai a ƙauye. Kusan kowace makaranta tana da kwamitin al'umma mai kula da ita, wanda ake kira SBMC. Mu nawa ne muka san 'yan kwamitin makarantar unguwarmu? Yaushe rabon da su zauna, in ba an ji ƙishin-ƙishin kuɗi sun zo ba? Wanda bai taɓa leƙa ajin ɗansa ba, da wane baki zai tuhumi kwamishina?

Saboda haka ga abin da muke nema, kuma ba ya buƙatar kwangila. A ƙarshen kowace shekarar karatu, kowace makarantar gwamnati a Batsari da Safana ta rubuta lissafinta da Hausa a takarda ɗaya, a manna a bango, a kuma karanta a gaban iyaye da mai gari da liman kafin a karanta jawabin babban baƙo. A faɗi kwanakin da aka buɗe makaranta aka yi karatu, da kwanakin da aka rufe da dalilin rufewar. A faɗi malaman da ke cikin takarda da waɗanda ake gani a aji. A faɗi yaran da suka fara shekarar da waɗanda suka ƙare ta, maza daban, mata daban, da inda sauran suka shiga. Sannan a faɗi 'yan aji huɗu nawa ne za a miƙa wa gajeren labari da Hausa su karanta su ba da ma'anarsa, nawa ne za su iya lissafin canjin naira dubu. Wannan gwaji ba ya son ƙwararre daga Abuja. Duk wani ɗan garin da ya yi sakandare zai iya zama a gindin bishiya ya yi shi a yini ɗaya.

Game da gini kuwa, kafin a ba da kwangilar aji ko katanga, a zauna da mutanen wurin a ji abin da ya fi damunsu. A rubuta kuɗin aikin da wa'adinsa a allon sanarwa yadda kowa zai karanta. Kada a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa sai kwamitin makaranta ya sa hannu. Kada kuma a sake buɗe sabon gini sai an kira sunayen malaman da za su koyar a cikinsa, sun miƙe tsaye jama'a sun gan su. A ɗauki 'ya'yan yankin da suka gama sakandare, musamman mata, a tura su Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke nan Dutsinma bisa sharaɗin su dawo su koyar a garuruwansu, domin ɗan gari ba ya neman canji zuwa birni da an yi tsawa. Wanda kuma ya yarda ya zauna a ƙauyen bakin daji, a ƙara masa wani abu a kan albashinsa, a kuma biya a kan lokaci.

Mai girma Gwamna, ranka ya daɗe, wannan lissafi ba zai rage maka daraja ba. Shekarar farko adadin zai yi muni, mun sani. Amma shugaban da ya fara faɗin gaskiyar adadin shi ne zai iya nuna cewa ya ɗaga shi. Shugabannin ƙananan hukumominmu biyu, tun hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yulin 2024 ake ta zancen 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi. Firamare na cikin abin da tsarin mulki ya sa hannunku a ciki, kada ku ce sai abin da aka ce daga sama. Iyayenmu hakimai, Sarkin Ruma da Yariman Katsina, Allah ya ja zamaninku, kalma ɗaya daga bakinku zuwa ga dagatai da masu unguwanni ta fi sanarwar rediyo goma.

Mu kuma iyaye, idan an sake kafa rumfa baɗi, mu je. Mu zauna mu saurari jawabi har ƙarshe, kada mu katse kowa. Idan aka gama, ɗayanmu ya miƙe ya yi sallama, ya yi godiya a kan ajujuwan da aka gina, sannan ya ce: ranka ya daɗe, yara nawa ne suka iya karatu bana? Idan babu amsa, mu riƙe tafinmu sai an kawo ta.